Rabin Ƙwayar Magariya

Litinin, 4 ga Zulƙida
Mansur ɗan ƙanena ya ɗauke ni a babur zuwa likita a Magariya. Wai ina dambe cikin barci. Likitar ta ce cuta ce, jiki ke bin mafarki. Rabin ƙwaya kafin kwanciya, a raba wuƙa da shimfiɗata. Na ce to.
Yaushe Mansur ya fara tausayina? Saura kwana goma sha uku Maigari ya kira ni shaidar iyakar gonar Mansur da ta Zakariya'u. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga rabon. Kuma Mansur ya san abin da zan faɗa.

Alhamis, 7
Na sha sau ɗaya. Kai ya yi nauyi har hantsi, sunan kakan Zakariya'u ya ɓace mini. Na gane: so ake in mance iyakar.

Asabar, 9
Na daka rabi cikin dussa na ba zakara. Ya wuni yana gyangyaɗi. Uwani matata ta ce, "Malam, tsufan har ya kai ga shayar da kaji?" Amma da magariba zakaran ya gane akurkinsa. Wannan ma na rubuta, don gaskiya.

Talata, 12
Ƙwayoyin suna cikin naɗin hulata. Uwani na zaton ina sha.

Jumma'a, 15
Na yi mafarki ana tumɓuke gambar iyaka, na kai wa mutumin naushi. Da na farka Uwani ce riƙe da baki. Haƙori ɗaya. Shekara arba'in da shida ban taɓa ɗaga mata hannu ba.
Ba ta yi kuka ba. Ta kakkaɓe hulata, ƙwayoyin suka zubo. Ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin awaki. Abin da ta ce kawai: "Ka tsare iyakar mutane."

Asabar, 16
Na sha, a gabanta. Da asuba na jero gonakin gari daga rijiya zuwa hanyar Sassumbrum, da masu su, da iyayensu. Sunaye biyu sun yi mini gardama, sannan suka zo.

Lahadi, 17
Gaban Maigari na faɗa: iyaka gawon nan ne da tsawa ta tsaga, shekarar da rijiya ta rufta. Taki tara na Zakariya'u ne. Mansur ya sunkuyar da kai. Na jira ya zage ni. Da aka watse ya ce, "Baba, saura nawa maganin? Ranar kasuwa zan shiga Magariya."
Wayo ne. Ina jin wayo ne.

Laraba, 27
Ban yarda da likitar ba har yanzu. Kai na nauyi da safe, ina jero gonakin kullum don kar a shammace ni.
Uwani ta ce awaki sun dame ta da wari. Tabarmarta na nan, can jikin bango. Wuƙar na wurinta. Ita ke raba ƙwayar, ni haƙorana ba su iyawa.