Kwalba Mai Shuɗin Zare

Zuwa ga ƙanwata Elfriede,

Ina gaishe ki. Ya garinmu Tanunda, ya ƙafar mijinki? An datse inabin Kaka?

Ni lafiya lau nake a Darwin wajen ɗana Kelvin, zafi ne kawai. Maganin asibiti ya ɗauke mini ɗanɗano, amma ba ciwo. Jiya Kelvin ya buɗe mini tsohuwar jar giyar inabi, na kurɓa, na ji kamar ruwa. Matarsa ta ce, "Baba, ko shayin jiya muka zuba maka, yabawa za ka yi." Ban ji haushi ba. Ba na jin komai yanzu.

Kelvin yana so a kwashe ɗakin ƙasa na gidana a Tanunda, inda nake ajiye giya, wai kwalaben ba suna. Ban yarda ba, sunayensu na kaina.

Ki sauka, ta hagu, akwai wata a kwance mai shuɗin zare. Shekarar aurenmu muka ajiye ta ni da marigayiya Irma. Kullum sai in ce mata ba ta nuna ba, a ƙara jira. Ki buɗe ta ranar Lahadi, ki sha a hankali, ki rubuto mini yadda take. Kada ki yi mini ƙarya.

Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Traugott