Abokina ya mai da hawayen dattijon nan abin dariya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, kuma ina tsoron in yanke hukunci cikin fushi.

Ina digiri na biyu a fannin harshe a nan Kuala Lumpur, bincikena a kan kalmomi da salon maganar da Sinawa ke bayyana halitta da su ne, wato sama, duwatsu, ruwa da iska. Wata bakwai na yi ina zuwa wani shagon shayi a unguwar Sentul kafin tsofaffin wurin su saki jiki da ni. Cikinsu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya koya mini cewa in suka haɗa "dutse" da "ruwa" suka ce shanshui, duk shimfiɗar ƙasa suke nufi. Ranar da yake min bayanin kalmar ya tuno ƙauyen da ya binne matarsa, sai ya yi hawaye, ina ɗauka a bidiyo. Na sa hannu a takarda cewa ba wanda zai gani sai ni da malamata.

Abokina wanda muke haya tare, shi ma ɗalibi ne, ɗan garinmu ne kuma ya girme ni, ya ari kwamfutata wai tasa ta lalace. Ashe ya kwafi bidiyon, ya ɗora muryarsa da Hausa kamar tsohon yana kukan an cinye masa taliya, ya sa a shafinsa. Jikar dattijon ta gani. Da na je shagon ranar Litinin ba wanda ya amsa gaisuwata, mai shagon ya ce in tapau shayina, wato a ƙulla mini shi, in tafi.

Na tunkari abokin nawa, na ce Yaya wannan cin amana ne. Ya ce wasa ne kawai, ai tsohon ba ya jin Hausa, ni ne na cika ɗaukar abu da zafi. Ya goge bidiyon amma ya ƙi bina ya ba da haƙuri, wai shi ba zai durƙusa wa mai shan shayi ba.

Wataƙila ni ma da laifina, tunda ban sa wa fayil ɗin makulli ba. Iyalan dattijon sun kai ƙorafi jami'a, malamata ta ce in same ta ranar Alhamis. In na yi shiru, mai yiwuwa a soke duk hirarrakin, aikina ya rushe. In na faɗi sunan abokin nawa, ina jin za a iya janye masa tallafin karatu, ga matarsa da 'ya'ya biyu a gida, kuma mahaifiyarsa ƙawar tawa ce.

In ku ne, za ku faɗi sunansa? Kuma da wace fuska zan koma wurin dattijon nan?