Rabin Bargon Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya idon? Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙunshin ya iso. Da na kwance na ga rabin bargon ƙyallayen da Inna ta bari, allurarta na soke a inda ta tsaya, sai na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Har yau ƙanshin akwatinta bai sake shi ba.

Kin ce in ƙarasa shi kafin ganinki ya gama tafiya. Yaya, kin ɗora min kaya. Shekara ashirin ina ɗinka yunifom a masana'anta, shuɗi a kan shuɗi, har hannuna ya yi sauri, idona kuwa ya yi barci. Na jera ƙyallaye a gefen nata, abin ya fito kamar shanyar gidan haya.

Shi ya sa na koma aikin da take ba mu muna yara. Kin tuna? Ƙyalle kala biyu, a yanka murabba'i goma sha shida, a jera su tsari goma a kan tabarma ba tare da an maimaita ko ɗaya ba. Sai ta ja baya zuwa bakin ƙofa, ta kanne ido ɗaya, ta ture wanda bai yi mata ba da babban yatsan ƙafa. Ke ki gama ki tafi wasa, ni ina kan na huɗu ina zumɓura baki. To ga ni yau da furfurata ina yi kowace safiya kafin in fita aiki. Jiya na kai bakwai. Maigidana ya ce in dara nake yi, in nemi abokin wasa.

Ki ba ni wata uku. Sannu ba ta hana zuwa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida 'yarmu da za ta karanta miki wannan. Kada ki yi mata faɗa, ita ta gaya min abin da kike ɓoyewa: tun watan jiya ba kya bambanta ja da kore, haske kawai kike gani da duhu.

Ranar da saƙonta ya zo, ranar na kai tsari goma cif, har na haɗa layi biyu a jikin bargon. Wallahi sun yi kyau, ko Inna ba za ta ture su ba. Na tsaya a bakin ƙofa na kanne ido, sai na ji haushin kaina. Wata biyu ina gyara idona, ke naki yana tafiya.

Na sa almakashi na farke su duka.

Yanzu wani aikin nake yi da safe, wanda Inna ba ta koya mana ba. Nakan ɗaure fuskata da ɗankwali, in jera ƙyallaye da yatsu: mai kaushi kusa da mai santsi, mai kauri kusa da mai laushi. Da farko allura ta sha jinina. Kalar kuwa ba a magana, wata maƙwabciya ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Na tono akwatunan gidanmu kaf, na fito da tsofaffin kayan sawarmu. Duk abin da na sa a rabin nan, hannunki ya taɓa wanke shi ko ya goge shi a ɗakin Inna, lokacin da mu 'ya'yanta huɗu muke gabanta.

Ba zan aiko shi ba, da kaina zan kawo ranar Asabar. Zan shimfiɗa miki a cinya, kuma ba zan faɗi na wane ne ko ɗaya ba. Ke za ki shafa ki gaya min.

Allah ya kai mu. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta