Keken Umma Ba Shi da Laifi

Zuwa ga Yayana na kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yarana duka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a wurin aiki, ya sa guminka ya zama mai albarka, amin. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta koma yawonta na shiga gida-gida tana kwaso labari. Ƙaninka Dogo yana nan da babur ɗinsa, kullum ya wanke shi kamar jariri. Kyanwar nan da ka tsana ta sake haihuwa, a cikin kwalin ƙyallayen Umma kuma, an rasa mai ƙarfin halin korar ta.

Na san za ka yi dariya ka ga takarda daga wurina, ni da ko wanka zan shiga sai na leƙa waya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ni da boko ba mu rabu da daɗi ba. Amma in na yi maka saƙon murya, da gudu kake saurara ka turo min babban yatsa shi ke nan. In na rubuta a guruf ɗin gida, kafin ka gani Gwaggo ta kai wa rabin dangi. Ga shi kuma akwai abin da na saka maka a ambulan ɗin nan wanda waya ba za ta iya ɗauka ba. Don Allah ka zauna ka karanta har ƙarshe, maganar Umma ce da kekenta, kuma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Ka san dai tun bara ɗinkin Umma ya fara lalacewa. Layi ya karkace, kalmasa ta fita, zare kuma kullum sai ta ƙwala min kira in zo in zura mata a allura, ita da a da take zurawa tana hira ba ta ko kallo. In an tambaye ta sai ta ce keken ne ya fara rigima. Mu kuma muka yarda, tunda ya girme ni ya girmi Dogo. Sai aka fara jigila wurin mai gyaran nan na bakin kasuwa da ake ce wa Likita. Ka san yadda ake yi, ba a kai keke da teburinsa. A kwance kan, a naɗe shi da tsohon zani, Dogo ya ja babur, ni ina baya na rungume shi kamar an ba ni goyon ƙarfe, cinyata har shati take yi. Shi kuwa Likita rumfarsa ko bango babu, rana ta ko'ina. Zai ɗora kan a teburinsa, ya ɗauko farin ƙyalle da jan zare, ya taka, layi ya fito santal kamar an ja da rula. Rannan da Umma ta biyo mu, ita ma ta zauna ta taka a wurin, wallahi ɗinki ya fita tsaf. Muka dawo gida muna murna, aka ɗaura, washegari sai ga layi kamar tafiyar maciji.

Farkon zuwanmu Likita ya ce shi bai ga komai ba. Amma da ya ga muna ta dawowa, ga Umma babbar mace, sai ya ji nauyin ya ce mata kekenta lafiyarsa ƙalau, don kamar ya ce mata idonta ne ke nan. Sai ya zama duk zuwa sai ya taɓa wani abu don kar mu tafi hannu rabbana. Yau ya ɗiga mai, gobe ya canja allura, jibi ya ɗaure bel, wata rana ya goge haƙoran da ke jan yadi. Har ranar da ya ce bari ya shiga ciki sosai, ya kwance ƙasan, garin gyara saiti 'yar ƙugiyar nan da ke kamo zare daga kwarkwaro ta karye masa a hannu. Garin neman gira aka rasa ido. Ya ce irin ta asalin an daina kawowa, ya sa mana ta yanzu, wata fara sal mara nauyi kamar murfin gwangwani. Yaya, ka tuna kukan keken nan? Kamar yayyafi a kan kwano, har barci yake sa mu muna yara. To yanzu tari yake yi, kuma yana tsallake ɗinki nan da can. Lafiyayye muka kai shi asibiti, muka dawo da shi da ciwo.

Ana cikin haka matar mai kemis ta kawo yadinta shuɗi mai duhu. Umma ta ɗinke shi da baƙin zare ba ta sani ba, wuyan kuma ya ɗan karkace. Matar nan ba ta tashi magana ba sai da ta fita ƙofar gida, ta ɗaga rigar a rana tana nuna wa masu wucewa, wai in mutum ya tsufa ya san ya tsufa mana, ba sai ya ɓata wa mutane kaya ba. Bai ishe ta ba ta ɗora a sitatus. Umma tana tsaye a zaure da tef a wuya. Matar da Umma ta ɗinka wa kayan makaranta tun tana yawo da majina! Shi kuma Dogo, uban iya, ya ɗauki hoton ya jefa guruf. Abin da ka gani ke nan ka yanke hukunci daga can, ka ce Umma ta huta haka, a sayar da keken wa masu tsofaffin ƙarafa, ɗakin kuma a zuba simintin gininka da tayil. Kowa ya bi ka da amin da hoton fure. Ba wanda ya tambayi Umma.

To ga yadda na gano. Ka san fitilar nan tawa mai zobe da ƙafa uku, wadda nake haska mayafai da jakunkuna in zan ɗora a intanet, wadda kake ce wa fitilar 'yan iyayi. Rannan da hantsi na ɗauke ta na shiga ɗakin ɗinki, don bangon can ya fi nawa tsabta. Umma na zaune tana ta lalube da zare a bakin allura, ta tsotsa ta sake, ta tsotsa ta sake. Ina kunna fitilar nan sai na ga ɗakin ya buɗe kamar an yaye bargo, har ƙurar da ke kan feda na gani. Ita kuwa Umma, zaraf, ta zura zaren bugu ɗaya, ba ta ma lura ba, ƙafarta ta hau takawa. Na tsaya baki buɗe. Na kashe fitilar, sai ga mu cikin duhu kamar magariba, alhali a tsakar gida rana har ta fara cizo. Sai a lokacin na dubi tagar da kyau. Yaya, tagar da Umma ta jingina teburinta tun kafin a haife ni, yanzu in ka miƙa hannu bulo za ka taɓa. Bangon benin nan ne da kake ginawa a jikin gidanmu. A hankali ya tashi, layi bisa layi, idonmu ya saba ba mu ankara ba. Ƙwan da ke sama kuma ja ne, a bayanta yake, inuwar kanta ce ma take faɗa wa allurar. Ashe duk jigilar nan an bar jaki ana dukan taiki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na juya da murnata zan ba ta albishir, sai na ga ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce in rufe ƙofa. Ta ce ita ta sani tun ranar da bulo ya wuce kan tagar, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce to don me ta bari muna ta wahalar da keke har aka karya shi. Ta ce ɗanta yana can ƙasar mutane yana zubar da gumi a kan ginin nan, duk sati yana kira yana murna an kai kaza, ba da bakinta za a ce masa bangonsa ya tsare mata wani abu ba. Wai keke ƙarfe ne, ko me aka ɗora masa ba zai ji ciwo ba, amma ɗa yana ji. Ta ce ba ta zaci Likita zai shiga ciki har haka ba, wannan kam ya tsaya mata a rai. Sannan ta ce kar in kuskura in faɗa maka. Na ce to, amma to ɗin baki ne. Na fita bayan gida na yi kukana mai isata.

Ni abin da ke ci min rai, Yaya, duk sati sai ka ce in zagaya da waya in nuna maka gini, in matso kusa ka ga filasta, in hau sama ka ga dakin ɗin kankare da aka zuba. Ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa Auta juya wayar nan in ga inda Umma take zama ba. Kana ganin in ka turo na cefane shi ke nan ta huta. Umma ba don tuwo take ɗinki yanzu ba. Tun rasuwar Baba keken nan ne abokin hirarta, shi ne dalilin da mata ke sallama a gidan nan su zauna a tabarmarta. Da shi aka ɗinka maka wandon da ka tafi neman aikin farko. Ranar da ka ce a sayar, ko abincin rana ba ta ci ba, ta ce wai azumin nafila take, alhali na ga ta sha ruwa da safe.

Shekaranjiya kuma Dogo ya kawo mai sayen ƙarafan, wai umarninka ne. Mutumin ya cicciɓi kan keken yana jijjigawa yana auna nauyi kamar ya samu tsohon injin markaɗe. Umma ta buɗe durowa ta kwashe allinta da almakashi da kwarkwaronta a gefen zani, ta ce a ba shi tunda yayanmu ya ce. Wallahi ban san lokacin da na fizge na ɗora a teburin na haye kai na zauna ba. Na ce sai dai ya haɗa da ni ya auna. Mutumin ya ce shi ba ya sayen rigima, ya tura kurarsa ya tafi. Dogo ya ce zai haɗa ni da kai, na ce ya gaishe ka. Gwaggo ta ce waya ta cinye min kunya. Na ji, na ɗauka. Amma Umma ta ce in ka sake magana za ta bayar, kuma ka san za ta bayar ɗin.

Saboda haka ga roƙona. Ban ce ka rushe gininka ba, Allah ya sa ka shiga lafiya. Magini ya ce zai iya fasa wata tagar ta gefen titi, ko ya cire kwano ɗaya a saman teburin ya sa mai shigo da haske, amma ya rantse ko bulo ɗaya ba zai taɓa ba sai ya ji daga bakinka. Ka kira shi. Sannan ka nemo mata fitilar ɗinki ta gaske, na bincika na gani, mai farin haske, mai wuya da ake lanƙwasawa, mai caji saboda ɗauke wuta, a maƙala ta hagunta tana kallon allura. Tawa ce a wurin yanzu, ta yi girma, tana ƙyalli a kan ƙarfen har sai da na yafa mata farin mayafi, ni kuma kasuwata ta tsaya, hotunana duk sun koma kamar na fatalwa. Sai ƙugiyar nan, ka duba mana wajen masu tsofaffin kekuna a can, zan turo maka hotonta. Na jawo Likita da kaina ya zo ya tsaya a ɗakin, ya daɗe yana salati, ya ce da ya taɓa takowa da bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Ya ce in an samu, nan zai zo ya ɗaura, ba a rumfa ba.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce ina nan ina jiran jakar da ta yi min alkawari. Ka shafa min kan yarana, Babana da Mamana da ɗan jaririn da har yau a waya kawai na san shi. Gwaggo na gaishe ka, Kawu na gaishe ka, Dogo ma na gaishe ka duk da ba ma magana.

Ƙyallen da ke cikin ambulan ɗin, ka fita da shi waje ka duba, kar ka duba a ɗaki. Layi biyu ne, hannu ɗaya, keke ɗaya, safiya ɗaya, ɗaya ba fitila ɗaya da fitila, na ce mata gwaji nake. Karkataccen nan na bangonka ne. Tsallen da za ka gani nan da can na Likita ne. Miƙaƙƙen kuma, wannan Umma ce. Ka duba ka faɗa min wa ya tsufa. Ba ta san na rubuto ba. Da na ce mata abokinka Mai Gemu, wanda zai kawo maka takardar nan, zai koma can wurinku, ko tana da saƙo, sai ta dubi tagar, ta ce a ce maka ginin ya yi kyau, Allah ya sa albarka.

Ka huta lafiya. Wayata na hannuna, kuma wannan karon ban son babban yatsa.

Taka ƙanwar,
Auta, sarkin surutunka