Kifin da Sagir ya kyafe

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya kullen korona? Ya ƙafar Inna?

Ɗanki Sagir ya zubar mini da mutunci. Maƙwabciyata Kamala, 'yar Hindun da ta yi jinyata, kakanta ne ya yi jigilar tubali a kwalekwale, ya gina wa allahiyarsu ɗakin bauta a tsibirin wani tafki. Kifin tafkin ciyar da shi suke, ba sa ci. Da aka rufe wurin saboda kullen, Sagir ya zuba taru, ya kwashi kifin, ya kyafe, ya sayar wa ɗalibai a unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar wajen da muke zaune. Wai ai na arna ne!

Na tura hotonsa da tarun ga uban yarinyar da yake nema.

Ki gaida Malam. Ki sa ni a addu'a, amma ban da ta sanyin zuciya.

Ƙanwarki,
Binta