Kwana Goma Ina Tura Keke

Shema, 3 ga Rajab

Zuwa ga yayana Malam Atiku a Kurfi. Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kuna lafiya kai da Baba da Rekiya.

Bayan haka, takardarka ta same ni. Na ji ayarin Makka zai tashi ran sha biyar ga wata, kuma Baba na ciki. Tsoho ɗan saba'in, a ƙasa, tafiyar da ake shekara bakwai ba a dawo ba! Dole in gan shi in nemi gafara, ka san yadda muka rabu ran da na karɓi aikin Nasara. Rugage tara suka rage in duba shanunsu saboda cutar bushiya. A kan keke aikin kwana biyar ne.

To Yaya, wane keke? Tun da na bar Dutsin-Ma turawa nake. Duk garin da na kwana, da safe liman da dattawa sai sun yi mini rakiya. Da wane ido zan hau in bar masu furfura a ƙasa? Mu kai iyaka, in tarar mutanen gari na gaba sun fito tarya da ƙwaryar fura. Wallahi na gaji, ban san wa ke sanar da su ba.

Ƙanenka, Badaru

Kurfi, 6 ga Rajab

Zuwa ga ƙanena Badaru. Aminci da yarda su tabbata gare ka. Kowa lafiya.

Ka rage ƙorafi, karamci ba abin kuka ba ne. Ni na rubuta wa limaman nan, duk a zauren Baba suka yi karatu. Kuma ba da ra'ayina ba. Baba ne ya kira ni ya ce, “Yaron nan kada ya kwana a daji kamar marar kowa.” Ya hana ni gaya maka, ga shi ka sa na faɗa. Ka hanzarta. Wassalam.

Atiku

Bakin gulbi kusa da Zobe, 10 ga Rajab

Yaya Malam, gaisuwa.

Na karanta maganar Baba sau uku, na yi hawaye. Amma kai da ka san mutanenmu, ba ka ce musu sauri nake ba?

Na daina shiga gari. Gindin tsamiya nake shimfiɗa tabarma, in dama garin gero a ƙoƙo in sha, in yi matashi da jakar magani. Ƙaya ta huda mini taya sau huɗu, sholisho ya ƙare, na cusa tsumma a ta baya. Duk da haka ban tsira ba. Keke ɗaya ne a duk ƙasar nan, sawunsa kawai suke bi. Jiya ina wanke ƙafa sai ga Liman Ilu da mutum ashirin, wai sun ji kunya ɗan Malam ya kwana a waje. Suka ɗora keken a ka, muka koma baya zango guda don a yanka mini rago. Mai kawo takardun nan da jakinsa ya fi ni sauri.

Saura ruga uku, sai Tamawa, sai gida. Ka roƙi madugu ya jira ni.

Badaru

Kurfi, 13 ga Rajab

Zuwa ga Badaru a Tamawa, bayan gaisuwa.

Madugu bai jira ba, ya ma rage kwana uku don su riski wani ayari a Kano. Jiya da hantsi suka tashi ta hanyar Kankiya. Baba ya tsaya a ƙofar gari yana duban hanyar Tamawa har sai da aka kira shi sau uku. Bai bar saƙo ba. Laifina ne, ka yafe mini.

Atiku

Tamawa, 14 ga Rajab

Yaya,

Na yafe. Ba zan biyo ta Kurfi ba. Ruga ɗaya ta rage, na bar ta, in Bature ya kore ni ya kore ni. Yanzu zan bi sawunsu, tsoho ba ya sauri. Dattawan Tamawa na zaure suna jiran rakiya, ni ta bayan gida zan fita.

Don girman Allah, kada ka rubuta wa kowa.

Badaru