Ban Waiga Ba Ko Sau Ɗaya

Samaru, Zariya.

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Fatakwal, yaya aiki? Ina Anti Saratu da yara? Da fatan ƙafarka ta daina ciwo. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Ranar Asabar na kalli gasar guje-guje ta Afirka a shagon Mama a Sabon Gari. Da aka zo gudun mata huɗu, wanda ake miƙa sanda, kasa zama na yi. Yaya, cikin waɗanda suka ci zinariya babu wadda ta waiga. Kowacce hannu kawai ta miƙa baya tana gudu, aka ɗora mata sanda a tafi. Ni kuwa waiwayen nan ne ya sa na yar da sanda bara, aka cire mu.

Mama ta ga ina hawaye ta ce, "Rifkatu, gudun nan ya ishe ki haka, ki zo ki riƙe mini shago."

Amma tun Litinin ni da Ngozi, mai miƙo mini sanda, muke fita hanyar Bomo da sassafe da guntun rake a maimakon sanda. Sau uku ya faɗi, ban waiga ba ko sau ɗaya.

Wata mai zuwa za a zaɓi 'yan wasan jiha a Kaduna. Don Allah ka kira Mama, maganarka take ji. Ka sa ni a addu'a, ka gaida Anti da yara. Ina so in tafi da albarkar Mama, amma tafiya kam zan yi.

Ƙanwarka,
Rifkatu.